Yadda za ka auna sabon mai kulob kafin ka ba shi amana

Duk wanda yake zaune a Jidda ko Makka yana bin ƙwallo ya san abin da ya faru a watan Yunin 2023. Rana ɗaya aka wayi gari asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya wato PIF ya karɓi kashi 75 na Ittihad da Ahli da Hilal da Nassr, sauran kashi 25 aka bar wa gidauniyar kowane kulob, kafin mutane su gama tambayar me hakan yake nufi Benzema ya sauka Jidda, Kante ya biyo bayansa, Mahrez da Firmino da Mendy suka shiga Ahli wadda a lokacin dawowarta kenan daga rukuni na biyu. Tun daga nan duk majalisar da ka zauna, in aka ce an sayar da wani kulob ko za a sayar, tambaya ɗaya ce: nawa ne da shi, wa zai kawo mana? To ni dai a ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace rashin amfani, kuma ita ce ke sa a yi ta tafi a watan farko a dawo ana tsinuwa bayan shekara uku.

Mu da muka san naƙal kafala, wato komawa hannun sabon kafil mai ɗaukar nauyin zamanka a Saudiyya, bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Ranar farko kowane sabon kafil gahawa da dabino ne da "kai ɗan gida ne", sai wata uku huɗu sun wuce kake sanin ko albashi zai riƙa shiga a kan lokaci, ko iƙama, takardar izinin zama, za ta ƙare kana bin sa a waya ba ya ɗauka. Haka za ka ɗauki sabon mai kulob, ka bar maganar bakinsa, ka bi abin da ke rubuce da abin da ya aikata.

Abin da za ka fara bincika shi ne kuɗin da aka sayi kulob ɗin na waye. Ba wai ko mutumin yana da arziki ba, a'a, kuɗin cinikin kansa daga aljihun wa ya fito. 'Yan Manchester United a cikinmu, kuma suna da yawa, su suka fi kowa sanin zafin wannan. A 2005 iyalan Glazer na Amurka sun sayi kulob ɗin a kan kusan fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin rance ne, kuma sai suka ɗora rancen a wuyan kulob ɗin kansa, sama da fam miliyan 500, kulob ɗin da kafin zuwansu ba a bin sa bashi. Ma'ana kuɗin tikitin magoya baya da na talabijin da na sayar da riga su suka riƙa biyan kuɗin ruwan bashin da aka ci don a mallake su. In aka haɗa kuɗin ruwa da na hidimar bashin da ribar da masu kulob suka ɗiba, lissafin ya haura fam biliyan ɗaya, ga rufin Old Trafford yana yoyo in an yi ruwan sama. Don haka in ka ji an sayi kulob ɗinka, nemi amsar wannan kafin komai: bayan cinikin, bashin kulob ya ƙaru ko ya ragu? In ya ƙaru da kusan abin da aka ce an biya, to ba shi ya saye ku ba, ku kuka sayi kanku kuka miƙa masa. Gasar Firimiya ma sai a 2023 ta taƙaita irin wannan ciniki, ta ce rancen ba zai wuce kashi 65 ba.

Kuma wannan ba sai ka jira wani mai sharhi a Twitter ya faɗa maka ba. Kulob ɗin Ingila kamfanoni ne masu rajista, akwai shafin gwamnati mai suna Companies House, kyauta ne, ko a wayarka kana zaune a baƙala za ka iya buɗewa. Ka rubuta sunan kulob ɗin, zai fito maka da sunayen daraktoci, da wanda yake riƙe da mafi yawan hannun jari, da rahoton kuɗi na kowace shekara, sannan akwai wani ɓangare da ke nuna kadarorin da aka jinginar da wanda aka jinginar wa. Nan ne ake ganin abin mamaki, sai ka tarar an jinginar da filin atisaye ko kuɗin talabijin na baɗi tun bana. Rahoton yana da tsawo kuma Turancin akawu ne, kar ka wahalar da kanka da duka, layi uku kawai za ka nema: abin da kulob ya samu a shekara, abin da ya biya na albashi, da bashin da ake bin sa. In albashi ya cinye kusan duk abin da aka samu, kulob ɗin yana numfashi ne da aljihun mutum ɗaya. Ita UEFA yanzu ƙa'idarta kashi 70 ne na kuɗin shiga za a kashe a kan 'yan wasa da koci, ka riƙe wannan a matsayin ma'auni.

Daga nan sai ka duba yadda yake zuba nasa kuɗin, kyauta ce ta hanyar ƙara hannun jari ko kuwa rance yake ba kulob ɗin. Da yawa ba sa bambancewa, suna ganin an sayo ɗan wasa sai su ce Alhaji ya kashe kuɗi, alhali a littafi an rubuta kulob ya ranta daga wajen Alhaji. Abramovich ya riƙe Chelsea daga 2003 zuwa 2022, rancen da yake bin kulob ɗin ya kai wajen fam biliyan ɗaya da rabi, da takunkumin yaƙin Yukiren ya tilasta masa sayarwa ya ce ba zai karɓa ba. Sa'a ce Chelsea ta yi. Da ya ce sai an biya shi fa? Ba kowa ne zai yafe irin wannan kuɗi ba, kuma kai ba ka da hanyar sanin ranar da ran mai kuɗi zai ɓaci ko kasuwancinsa zai karye.

Malaga ta Sifen ita ce misalin da nake yawan ba wa yaran da ke cewa ai in Balarabe ya saya an gama. Sheikh Abdullah Al Thani na Ƙatar ya saye ta a 2010, aka kawo Van Nistelrooy da Cazorla da Isco, ta gama ta huɗu a La Liga, a 2013 saura ƙiris ta fitar da Dortmund ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin zakarun Turai. A daidai wannan lokacin kuɗi ya riga ya tsaya, 'yan wasa suna bin albashi, UEFA ta hana ta shiga gasar Turai saboda bashi, aka sayar da taurarin ɗaya bayan ɗaya, 2018 ta faɗi, 2020 kotu ta karɓe ragamar kulob ɗin daga hannunsa, 2023 ta gangara rukuni na uku. Portsmouth kuma nata ya fi ban dariya in ba kai ne mai goyon bayanta ba. Kulob ɗin da ya ci kofin FA a 2008, a kakar 2009/10 ya wuce hannun mutum huɗu, ciki har da wani ɗan kasuwa daga nan Saudiyya, Ali Al-Faraj, wanda magoya baya ba su taɓa ganin sa a filin wasansu ba, a Fabrairun 2010 aka miƙa kulob ɗin ga masu kula da kamfanonin da bashi ya durƙusar, aka zaftare masa maki 9. To ka ga asalin mutum ko ƙasarsa ba hujja ba ce. Ka tambaya, an san fuskarsa? An san kasuwancin da yake yi, yana da ofis, yana da tarihin da za a bi? In ya taɓa riƙe wani kulob, ka je shafukan magoya bayan wancan kulob ɗin ka karanta abin da suke faɗa a kansa, su ba su da dalilin yi masa kara.

Alkawari kuwa ka rubuta shi da kwanan wata ka ajiye. Hicks da Gillett da suka sayi Liverpool a 2007 sun ce cikin kwana 60 za a fara haƙa harsashin sabon filin wasa a Stanley Park, har aka raba su da kulob ɗin a 2010 ta hanyar kotu ba a gina komai ba, bashi kawai suka bari. Alkawarin da ba shi da rana ba shi da adadi, irin su "za mu mayar da kulob ɗin inda ya dace", kar ma ka ɓata lokacinka a kai.

Yanzu ga wanda na fi damuwa da shi, abubuwan da in an taɓa su ba sa dawowa da sauƙi. Ɗan wasa in bai yi ba a sayar, koci a kore shi, kaka ɗaya ta lalace wata ta zo. Amma filin wasa da suna da launin riga da garin da kulob yake, waɗannan in suka tafi sai an sha wuya. Wimbledon an ɗauke ta ɗungurungum daga Landan aka kai Milton Keynes a 2003, magoya baya sai sabon kulob suka kafa suka faro daga can ƙasa. Vincent Tan ya mayar da rigar Cardiff daga shuɗi zuwa ja a 2012, sai 2015 ya haƙura. Mai Hull City ya so ya mayar da sunan Hull Tigers, hukumar FA ce ta hana a 2014. Mike Ashley, mai Newcastle a lokacin, ya cire sunan filinsu St James' Park ya maƙala na kantinsa. Ka kwatanta a ce gobe wani ya sayi Ittihad, kulob ɗin da aka kafa tun 1927, ya ce rawaya da baƙi ba sa kasuwa a Asiya za a koma wani launi, ko ya ce Riyad ta fi kuɗi can za a koma. Kar ka ce ba zai yiwu ba a yankinmu, Pyramids ta Masar da ta ci kofin zakarun Afirka a 2025 ai Al Assiouty ce, a 2018 aka saye ta aka canza suna aka kai ta Alƙahira. Masu goyon bayan Pyramids na yau sun ji daɗi, mutanen da aka ɗauke wa kulob fa?

Filin wasa shi ne wurin da ake yawan yin wayon. Mai Derby County ya sayar da Pride Park ga wani kamfaninsa a kan fam miliyan 80 don littafin kulob ya nuna riba, da abin ya ruguje a 2021 aka cire musu maki 21 suka faɗi, kuma filin ba a hannun kulob yake ba. Chelsea ta yanzu ma ta sayar da otal-otal ɗinta da ƙungiyar mata ga kamfanonin da ke da alaƙa da masu ita. Abin da ya sa 'yan Chelsea suke iya barci shi ne ƙasar da Stamford Bridge take kai mallakar wata ƙungiyar magoya baya ce, Chelsea Pitch Owners, ba mai iya tayar da kulob daga wurin da sunan Chelsea sai da yardarsu. Saboda haka in ka ji labarin ciniki, ka nemi sanin ko filin yana cikin cinikin, da sunan wa aka rubuta shi bayan an gama.

A nan Saudiyya lissafin ya ɗan bambanta, kuma bai kamata mu kwaso na Ingila mu ɗora kai tsaye ba. Galibin kulob ɗinmu ba su mallaki manyan filayen da suke wasa ba, filin Jawhara na Jidda da Ittihad da Ahli suke amfani da shi ba na ɗayansu ba ne. Kuma kafin 2023 tsarin na shugaba ne da manyan 'yan kulob masu ba da gudummawa, wani yarima ko attajiri ya zuba kuɗi shekara biyu a ci kofi, ya yi fushi ya janye a bar kulob da ƙararrakin 'yan wasa a FIFA. Dattawan da suka ga zamanin Muhammad Nur, ɗan Makka kuma namu, lokacin da Ittihad ta ɗauki kofin Asiya a 2004 da 2005, sun kuma ga shekarun bashin da suka biyo baya, har a 2018 gwamnati ta biya wa kulob-kulob bashin da ya haura riyal biliyan ɗaya. Wanda ya taso a Kano ma ya san irin wannan da Pillars, kulob na gwamnatin jiha, gwamna mai son ƙwallo ya zo a ji daɗi, wani ya zo a yi ta jiran alawus. To a kan wannan tarihin, zuwan PIF gyara ne babba, ba na musu, Ahli da ta faɗi a 2022 ta ɗaga kofin Asiya a gida a 2025, Ittihad ta haɗa lig da kofin Sarki a shekarar. Amma tambayar da za ka riƙa yi ita ce, kuɗin da kulob yake samu da kansa, na tikiti da talla da riga, yana ƙaruwa har ya kusa ɗaukar albashin nan? Makarantar yara tana fitar da 'yan wasa ko kowace shekara sai an shiga kasuwa? Domin shirin da ake kai na mayar da kulob hannun 'yan kasuwa ne, an ba kamfanin Aramco kulob ɗin Ƙadisiyya, a Yulin 2025 an sayar da Khulud ga kamfanin Harburg na Amurka, karon farko da baƙo ya mallaki kulob a nan. Duk wanda zai karɓi kulob ɗinka gaba ba lallai ya zo da aljihu irin na gwamnati ba, abin da aka gina ne zai tarar. 'Yan Wahda ta Makka da suka faɗi a 2025 ba su shiga rabon farko ba, su kam wannan magana ta fi shafar su, don duk wanda ya zo da murmushi da jaka za a yi saurin rungumar sa.

Kar kuma ka ɗauka mai kuɗi sosai yana nufin kuɗi ba iyaka. PIF ta jagoranci sayen Newcastle a Oktoban 2021 a kan kusan fam miliyan 305, mutane suka ce Mbappe na hanya. Dokar Firimiya a lokacin ba ta yarda kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku ba, shi ya sa a Yunin 2024 suka sayar da Elliot Anderson da Yankuba Minteh cikin gaggawa don littafi ya daidaita. Duk da haka sun ci kofin Carabao a Maris 2025, kofin gida na farko tun 1955, kuma abin da na fi yaba musu shi ne ba su yi haukar sayayya ba, sun ɗauko koci suka bar shi ya yi aiki. Everton ita ta yi akasin haka a ƙarƙashin mai ita na lokacin, Farhad Moshiri, an zuba kuɗi ba tsari, ƙarshe maki 8 aka zaftare mata a kaka ɗaya. In ka ga sabon mai kulob yana kawo 'yan wasa goma sha a watan farko ba tare da an naɗa daraktan wasanni ba, ka rage murna.

Sannan ka lura da yadda yake yi da ƙananan mutane, masu wanki da masu gadi da masu gyaran ciyawa da tsofaffin da suka shekara talatin suna sayen tikiti. Jim Ratcliffe ya shigo Manchester United a farkon 2024 da kusan kashi 28, aka karɓe shi kamar mai ceto don kawai ba Glazer ba ne, cikin shekarar aka sallami ma'aikata 250, aka mayar da ragowar tikiti fam 66 ba rangwame ga yara ko tsofaffi. Wannan ma tarko ne, in kun gaji da tsohon mai kulob, duk wanda ya zo sai ku ga kamar waliyyi ne. Gwajin gaskiya shi ne ranar da magoya baya suka ce ba su yarda ba, yana ji? A 2016 'yan Liverpool sun fice daga Anfield a minti na 77 saboda tikitin fam 77, cikin 'yan kwanaki masu kulob suka janye suka ba da haƙuri. Masu Liverpool ɗin dai suka shiga Super League, wata sabuwar gasa ta manyan kulob ɗin Turai, a Afrilun 2021 ba su tambayi kowa ba, aka sake taso musu, cikin kwana biyu shirin ya watse. Ni irin wannan na fi yarda da shi a kan wanda bai taɓa kuskure a bainar jama'a ba amma kuma ba ya magana da kowa, aƙalla ka san in an matsa yana motsawa. Jamus ta huta da yawancin wannan rigima don dokarsu ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan kulob, Ingila kuma sai a 2025 ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa tantance masu saye.

Wata magana ta musamman gare mu mazauna nan, musamman samari masu zafin kai a Twitter da TikTok. Abin da ake yi a Manchester na ɗaga kwalaye da cika titi ba a yin sa a nan, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya da tarar da za ta kai riyal 500,000 a kan ɓata suna. Kai da kake kan iƙama ka san abin da hakan zai jawo maka da iyalinka. Kana iya cewa kulob ya yi asara kaza, an yi alkawarin kaza ba a cika ba, ka yi tambaya cikin ladabi a shafin kulob, ka ƙi sabunta tikitinka, ka ƙi sayen rigar bana. Amma kiran mutum ɓarawo da sunansa, ko tura jita-jitar da aka turo maka a guruf, wallahi babu kulob ɗin da ya kai haka.

In ka tambaye ni yaushe za a ce an yarda da mutum, zan ce ka jira kakar farko da abubuwa suka lalace, ba wadda aka ci kofi ba. A nan za ka ga ko albashi ya ci gaba da fita, ko yana zuwa filin wasa ana masa ihu yana zaune, ko kuwa ya ɓace ya bar koci da amsa tambayoyin da ba nasa ba. Kuma ko ya wuce wannan, akwai saura ɗaya, ranar da zai tafi wa zai miƙa wa. Moshiri ya amince ya sayar da Everton ga kamfanin 777 Partners a 2023, aka shafe watanni ana jiran su cika sharuɗɗan Firimiya suka kasa, cinikin ya mutu a 2024 kamfanin kuma ya shiga rikicin bashi da ƙararraki, daga baya kamfanin Friedkin ya saya a Disamba. Bury ba ta yi wannan sa'ar ba, a Disambar 2018 aka sayar da ita a kan fam ɗaya tak ga mutumin da bai nuna wa hukumar lig hujjar kuɗin riƙe ta ba, a Agustan 2019 aka kore ta daga gasar bayan shekara 125 tana ciki.